Shekara takwas a bakin inji, sunana bai shiga littafi ba

A cikin akwatin kwano da mahaifina ya bari, ƙarƙashin rigarsa ta Juma'a da wani tsohon carbi, akwai katin shaidar aikinsa na masaƙa, mai ɗauke da hotonsa yana saurayi, da lambarsa, da sunan sashen da ya yi wa aiki shekara ashirin da uku. Ni kuwa na yi shekara takwas ina aiki a wani kamfanin roba a Sharaɗa, a nan Kano, na bar yatsu biyu na hannun hagu a cikin injinsu, amma ba ni da ko ƙyallen takarda da zan nuna wa 'ya'yana in ce ga shaidar na taɓa taka ƙafa a wurin. Na daɗe ina jin nauyin ba da wannan labari, domin a wurinmu namiji ba ya son a ji shi yana kukan wahala, sai dai na lura duk wanda na ɗan gutsura wa a hira yakan ce shi ma haka aka yi wa ƙaninsa ko maƙwabcinsa, kuma kowa yana ɗauka ƙaddararsa ce shi kaɗai.

An haife ni a Kakuri, cikin Kaduna, a shekarar 1985. Wanda bai san Kakuri a wancan zamani ba zai yi wuya ya yarda cewa jiniyar masaƙu ce agogon unguwa gaba ɗaya. Tun da aka buɗe masaƙa ta farko a 1957, zamanin Sardauna, wasu suka biyo baya, har aka kai lokacin da idan an tashi daga aikin safe kekunan ma'aikata ke cika titi kamar an tashi daga Idi. Hausawa, Bajju, Tibi, Yarabawa, Ibo, Idoma, duk a layi ɗaya suke karɓar albashi, kuma masu tuwo da masu hayar ɗaki da teloli duk da wannan albashin suke lissafi. Baba yana sashen rini. Yana da hutun shekara, yana da asibitin kamfani inda ake duba mu kyauta, kuma duk ƙarshen shekara yakan shigo gida da turamen atamfa da aka raba musu, Inna ta ɗinka ɗaya ta sayar da sauran. Yana kuma da ƙungiya, wato ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa mai hedkwata a Kaduna, wadda Adams Oshiomhole ya daɗe yana babban sakatarenta kafin ya zama shugaban ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa a 1999. Ba na cewa aljanna ce, domin sinadarin rini ya cinye fatar hannun Baba, kuma tarin da ya kwashi shekaru yana yi daga can ya samo shi. Amma idan fomen ya zage shi yana da inda zai kai ƙara, kuma ya san ranar da kuɗi za su shigo.

Tsakanin 2002 da 2007 manyan masaƙun Kakuri suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne, ko yaro a unguwa yana iya jero su: wutar NEPA ba ta tsayawa, baƙin man da ake kunna tukunyar tururi da shi ya yi tsada kuma ya yi wuyar samu, injinan sun tsufa ba a sabunta su ba, ga kuma atamfar ƙasar Sin da ake shigowa da ita ta Kwatano, ta ratso Jamhuriyar Nijar, ta cika Kantin Kwari a farashin da masaƙar gida ba za ta iya karawa da shi ba. Wata safiya Baba ya tafi aiki ya tarar da ƙofa a garƙame, an manna sanarwa cewa an dakatar da aiki na ɗan lokaci kuma za a biya kowa haƙƙinsa. Wannan ɗan lokacin ne ya cinye sauran rayuwarsa. Ya yi gadi, ya sayar da gawayi, ya halarci taron tsofaffin ma'aikata ba adadi yana riƙe da katin nan a cikin leda, har Allah ya karɓi ransa a 2018 bai karɓi garatutinsa ba.

Da ƙyar da taimakon kawuna na gama difloma a fannin harkokin kasuwanci a 2009. Na yi shekara biyu ina zaga ofisoshi da fayil a hammata, kafin kawun nawa ya ce in taho Kano in zauna a shagon ƙofar gidansa a Ja'en. Ya tsaya mini aka ba ni babur ina acaɓa, ina kai wa mai shi balans kullum da dare, kuma har na fara tara kuɗin sayen nawa. Sai ga shi a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, gwamnati ta hana goyo a babur a cikin birni. A dare ɗaya dubban matasa muka wayi gari ba sana'a, kuma da yawanmu muka nufi Sharaɗa da Chalawa da Bompai, inda kamfanoni suke. Masu kamfanonin ba su taɓa samun leburori da arha kamar a wannan shekarar ba.

Yadda ake ɗaukar aiki a wurin ya cancanci a bayyana shi dalla-dalla, saboda duk abin da ya same ni daga baya a nan tushensa yake. Ana taruwa a bakin get tun bayan sallar asuba, mutum hamsin ko sittin, wani lokaci fiye. Wajen ƙarfe bakwai saura sai wani mutum ya fito da littafi a hannu, wanda ba ma'aikacin kamfanin ba ne, ɗan kwangila ne da kamfani ya ba aikin kawo leburori. Yakan dubi jama'a kamar mai zaɓen rago a kara, ya nuna wannan ya nuna wancan, ya tsallake mai furfura da mai ramammen jiki, sauran kuma ya ce su gwada gobe. Ranar da ya nuna ni na miƙa masa takardar diflomata, ya duba ta sama-sama ya mayar mini, ya ce, “Malam, ajiye wannan kada ta yi datti, nan ƙarfi muke saye.” Ya rubuta sunana na farko kawai a littafinsa, ya ɗora lamba a gefe, shi ke nan na zama ɗan kashuwal, wato leburan wucin gadi.

Kamfanin yana yin bokiti da buta da kujerun roba. Akwai injinan zubi, inda narkakkiyar roba ke shiga cikin ma'auni ta fito da siffar kaya, akwai kuma injin niƙa a can baya, inda ake farfasa tsofaffin robobin da 'yan jari-bola ke kawowa a buhuna, a wanke, a busar, a sake narkawa. Ana aiki awa goma sha biyu, daga bakwai zuwa bakwai, mako ɗaya da rana mako ɗaya da dare. A farkon zuwana naira 600 ake ba mu a yini, ana tarawa a biya duk ranar Asabar, kuma ɗan kwangila ne ke biya daga jakarsa bayan ya cire nasa kason, wanda ba mu taɓa sanin ko nawa ba ne. Idan wuta ta ɗauke kuma janareta ya ƙi tashi, sai a sallame mu da rabin kuɗin yini ko babu komai, alhali ba mu muka ɗauke wutar ba. Idan ka makara da minti goma an yanke maka, idan bokiti ya fito a karkace an yanke maka, idan ka kwanta zazzaɓi kwana biyu ka dawo ka tarar an sa wani a gurbinka. Lokacin salla ma sai an yi karɓa-karɓa a guje, domin inji ba ya tsayawa. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke kan ganiyarsa, rufin kwano na sama yana gasa ka, injin yana huro maka wuta daga ƙasa, warin ƙonanniyar roba kuma ya zauna maka a maƙogwaro har tuwon dare sai ka ji yana ɗanɗanonsa.

A cikin kamfanin akwai mutane iri biyu. Akwai sitaf, waɗanda ba su da yawa, masu riga mai tambarin kamfani da takalmin kariya da albashin wata, akwai kuma mu, da muka ninka su sau da yawa, muna aiki da silifa da tsofaffin rigunanmu. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne aikinmu ɗaya ne. Akwai shekarar da ni na koya wa wani sabon sitaf yadda ake saita zafin injin zubi, yana karɓar ninkin abin da nake karɓa ko fiye, kuma ba na ganin laifinsa domin shi ma ɗan talaka ne da ya samu wanda ya tsaya masa. Kullum ana kwaɗaita mana cewa mai haƙuri da ƙwazo za a mayar da shi sitaf, kuma duk shekara akan ɗauki mutum ɗaya ko biyu don kada zancen ya mutu. Wannan alkawarin ya fi kowane fomen iya riƙe mu, domin ba wanda yake so a ce shi ne mai tsaurin ido a shekarar da ƙila sunansa ke kan hanya.

Sai da na yi kusan shekara biyu kafin na gane hikimar wani abu da ake yi mana. Duk bayan mako goma sha ɗaya ko sha biyu, ɗan kwangila yakan ce wa rukuninmu mu huta mako guda, wai aiki ya ja baya, alhali muna ganin motoci suna lodin kaya kamar kullum kuma an kawo wani rukunin ya maye gurbinmu. Idan muka dawo sai a buɗe sabon shafi a littafi, a sake rubuta sunayenmu kamar yau aka fara ganinmu. Wani dattijo da muke aiki tare, wanda ya taɓa zama wakilin ƙungiya a wata masaƙa a Bompai kafin ta mutu, shi ya warware mini. Ya ce dokar ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 7, ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci takarda a rubuce mai bayyana sharuɗɗan aikinsa kafin a wuce wata uku da fara aiki. Saboda haka ba a bari kowa ya cika wata uku a jere. A kan takarda, ni mutum ne da ya zo neman aikin wucin gadi sau talatin da wani abu, ba mutumin da ya shekara takwas a wuri ɗaya ba. Har mafi ƙarancin albashi, da ya kasance naira 18,000 tun 2011 aka mayar da shi 30,000 a 2019, bai shafe mu ba a aikace, domin dokar ta keɓe masu aikin ɗan lokaci da waɗanda ake biya gwargwadon abin da suka yi, kuma cikin wannan ramin aka jefa mu duka.

Dattijon nan ya taɓa gwada haɗa kanmu. Bai ce a yi yajin aiki ba, ya ce dai mu rubuta takarda mu sa hannu mu roƙi safar hannu da abin toshe hanci da kuma a daina yanke kuɗin ranar da wuta ta ɗauke. Mun taru mu goma sha huɗu a teburin mai shayi bayan an tashi, muka yi magana ƙasa-ƙasa. Washegari da aka zo zaɓe a bakin get, ɗan kwangila ya bi ta gabansa kamar bai taɓa ganinsa ba, haka jibi, haka gata. Ba a kore shi ba, domin wanda ba a ɗauka ba ai ba a korarsa, an dai daina nuna shi da yatsa. A cikinmu goma sha huɗun nan akwai wanda ya kai rahoto, kuma na daɗe ina jin haushinsa ko da ban san ko wane ne ba, amma yanzu da na san abin da buhun masara ke yi wa mai iyali na rage zafin hukuncin da nake yi masa. Ni kaina, da aka zo washegari, ban buɗe baki na tambayi dalilin da ya sa aka tsallake dattijon ba. Na sunkuyar da kai na shige, domin a lokacin matata tana da cikin fari.

Na yi aure a 2015, kuma abin da ya riƙe gidan shi ne adashen da muke zubawa duk Asabar da ɗinkin hula da maiɗakina take yi. Rayuwar hannu baka hannu ƙwarya ce, wadda ba ta barin mutum ya yi shirin da ya wuce mako guda. Mai gidan haya yana so a biya shi shekara, makaranta tana so a biya ta zango, ni kuwa ban san ko za a nuna ni ranar Litinin ba. Da annobar korona ta zo aka kulle Kano a watan Afrilun 2020, sitaf suka ci gaba da karɓar wani abu, mu kuwa ko kiran waya ba a yi mana ba, sai da na sayar da keken ɗinkin da na saya wa matata da katifar ɗakin baƙi. A watan Yunin wannan shekarar ne labari ya bazu cewa 'yan sanda sun fito da ma'aikata sama da ɗari daga wani kamfanin shinkafa a Kano, inda aka tsare su watanni ba a bari su je gida. Mutanen gari sun yi ta salati, amma a cikinmu akwai waɗanda suka ce da su aka kulle da sun gode, tunda aƙalla ana aiki. Na tuna wannan maganar ne saboda tana nuna inda yunwa ta kai mu.

Hatsarin ya faru ne a wani daren Laraba cikin damina ta 2021, wajen ƙarfe uku. An mayar da ni injin niƙa saboda mai kula da shi bai zo ba. Bakin injin yana da murfin ƙarfe da aka yi don hannu kada ya kai ga wuƙaƙen, amma an daɗe da kwance shi an jingine a bango, domin da murfin manyan robobi ba sa shiga da sauri, kuma ana ƙidaya mana buhunan da muka niƙa kafin gari ya waye. Wani fasasshen baho ya maƙale a bakin, na sa hannu in tura shi kamar yadda na ga kowa yana yi, robar tana da jiƙa, hannuna ya zame. Ban ji zafi ba a farko, na dai ji an fizge ni, sannan na ga abokin aikina ya saki buhu yana salati yana neman makunni. Ƙaramin yatsana da wanda ke biye da shi sun tafi, na tsakiya kuma ya tsage har ƙashi. Akwatin magani da ke ofishin fomen babu komai a ciki sai audugar da ta yi ƙura da kwalbar aidin da ta bushe, don haka da rigata aka ɗaure hannun, aka tsaya neman abin hawa a wannan tsohon dare.

An kai ni wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa da kamfanin ke hulɗa da shi, aka ɗinke, aka riƙe ni kwana huɗu. Abin da na lura da shi, ko da ina cikin magagin allura, shi ne wanda ya raka ni ya ce wa ma'aikaciyar jinya ta rubuta cewa hatsarin babur ne. A rana ta uku ɗan kwangila ya zo da ledar lemo da ayaba, ya zauna a bakin gado ya yi mini jaje da kyakkyawan lafazi, ya ce Oga ya ji abin da ya faru kuma ya ji ba daɗi. Ya ciro ambulan mai naira 50,000 da wata takarda da aka buga da Turanci, ya ce in sa hannu don a san na karɓa. Na karanta, domin diflomar nan ba ta tashi a banza ba, na ga an rubuta cewa na karɓi kuɗin a matsayin taimako na jinƙai, cewa sakacina ne ya jawo raunin, kuma ba ni da wata magana a gaba. Na ce, “Yallaɓai, ai murfin injin a kwance yake.” Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, “Malam, kai mai iyali ne, kuma kuɗin asibitin nan ba a biya ba tukuna. Ka yi wa kanka faɗa, ka ɗauki ƙaddara.” Kawuna yana zaune a gefe, ya ce, “Ɗana, sa hannu, ba a ja da mai ƙarfi.” Na sa hannu da hannun dama, wanda shi ya rage lafiyayye.

Maganar ƙaddarar nan ta daɗe tana ci mini rai. Ni musulmi ne, na yi imani da cewa abin da ya same ni ba zai kuskure mini ba, amma tun muna makarantar allo aka karantar da mu cewa a biya ɗan ƙwadago ladansa kafin guminsa ya bushe, kuma wanda ya jawo wa wani rauni akwai diyya a kansa. Ban taɓa jin malamin da ya ce ƙaddara tana sauke haƙƙi daga wuyan wanda ya kwance murfin inji ba. Abin takaici ne yadda kalmar da aka ba mu don sanyaya zuciya ta koma abin da ake toshe bakin mai rauni da ita, kuma sau da yawa masu toshewar 'yan'uwanmu ne da muke sahu ɗaya da su a masallaci.

Bayan wata biyu, da ciwon ya kame, na koma bakin get. Ɗan kwangila ya gaishe ni da fara'a, ya tambayi jiki da iyali, ya dubi hannun, sannan ya nuna na kusa da ni. Na yi sati ina zuwa kafin na haƙura. Na nemi ganin manaja ko don a ba ni takardar shaidar cewa na yi aiki a wurin, mai gadi ya shiga ya dawo ya ce an duba ba a ga sunana a cikin ma'aikata ba, in nemi wanda ya kawo ni. Wannan mai gadin shekara takwas muna gaisawa da shi kullum, har sunan 'yata ya halarta, kuma da yake faɗa mini saƙon bai iya kallon idona ba. A hanyar komawa gida ne na tuna da Baba. Shi an ci bashinsa an ƙi biya, amma har ya mutu akwai littafin da ke cewa ana riƙe da haƙƙinsa, kuma yana da katin da zai ɗaga a taro. Ni an tsara aikin tun daga ranar farko ta yadda ba za a taɓa cewa ina bin kowa komai ba.

Sai bayan shekara biyu na san cewa doka ta tanadi wani abu ga irina. Wani lauya ne da na ɗauko a Adaidaita Sahun da na koma ja, daga Gidan Murtala, ya lura da hannuna ya tambaya, na ba shi labari a taƙaice muna cikin cunkoso. Ya ce akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda ta wajabta wa kowane mai ɗaukar aiki ya riƙa zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashin da yake biya a asusun NSITF, wato hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, kuma dokar ta haɗa har da ɗan kashuwal. Ya ce akwai kotun ma'aikata ta ƙasa, tana da reshe a nan Kano, kuma takardar da na sa wa hannu a gadon asibiti ba lallai ta hana ni magana ba. Daga nan ya fara tambaya: ina da takardar ɗaukar aiki, ina da takardar biyan albashi, an taɓa biya na ta banki, katin asibiti me ya ce, akwai abokin aikin da zai yarda ya tsaya shaida. Kowace tambaya na ce babu, ta ƙarshen kuma na ce ba zan roƙi mai iyali ya jefar da abincinsa saboda ni ba. Ya yi ajiyar zuciya, ya ba ni naira dubu ya ce in riƙe canjin.

Yanzu Adaidaita Sahu nake ja. Na fara da kai balans, daga baya a farkon 2023 wani mai hali ya ba ni sabo a kan in riƙa biya duk mako har in mallaka, a kan kuɗin da ya ɗara farashinsa na kasuwa nesa ba kusa ba. Ranar da ya miƙa mini makulli ya ce daga yau na zama ogan kaina, kuma na ji daɗin maganar ƙwarai. Ban daɗe ba na gane cewa mai, da gyara, da taya, da harajin kullum, da tarar jami'an hanya, da ranar da ruwa ya hana fita, da ranar da na kwanta ciwo, duk a kaina suke, shi kuwa kuɗinsa na mako ba ya motsi, kuma sharaɗin da muka sa wa hannu ya ce idan na gaza biya sau uku a jere zai karɓe kekensa, abin da na zuba a baya ya zama kuɗin haya. Na fara biya ke nan ƙarancin takardun naira ya sa fasinja ba su da abin ba da kuɗin mota. Muna fita daga wannan, ranar 29 ga Mayu Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000. Da aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a watan Yulin 2024, a rediyon wani fasinja na ji, kuma bai shafi kowa a tasharmu ba sai ta fuskar tashin kuɗin kwanon shinkafa. Sau biyu ina kaiwa mako na biyu ban biya ba, sau biyun kuma 'yan kunnen matata ne suka cece ni.

Kulocin keken da giyarsa duk a hannun hagu suke, don haka da yatsu uku nake matsawa ina murɗawa tun safe har dare, kuma idan hunturu ya shigo wurin ɗinkin yana yi mini zugi kamar jiya aka yi. Mafi yawan fasinjojina na asuba samari ne masu zuwa Sharaɗa, domin daga Ja'en nake fitowa. Kwanan baya na ɗauki wani yaro da bai wuce shekara ashirin da biyu ba, yana rungume da fayil a cikin leda, ya ce in sauke shi a bakin get ɗin da na sani sarai. Ya tambaye ni, “Baba, wai da gaske suna ɗauka a nan?” Na ce suna ɗauka. Na nuna masa hannuna, na ce idan an kai shi injin niƙa ya duba ko murfin yana kai, ya riƙa ɗaukar hoton shafin da aka rubuta sunansa da wayarsa duk Asabar, kuma kada ya sa hannu a kowace takarda yana kwance. Ya ce to, ya gode, amma idonsa yana kan mutumin da ya fito da littafi, kuma tun kafin in gama ƙirga masa canji ya ruga ya shiga cikin masu jira. Ni ma ban tsaya ba, domin ranar Alhamis ce, kuma kuɗin makon bai cika ba.